Wata biyar barci yana yi mini wuya: amsar likita

Tambaya: "Likita, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, shekaruna 44, ina da shago a Alabar. Wajen wata biyar ke nan, in na kwanta ƙarfe 10 ba na runtsawa sai 2 ta gota. In na yi sallar Asuba sai in koma, ba na tashi sai 8:30, kuma duk yini jikina a mace. Da ataya da goro nake tallafar kaina. Wani mai kemis ya ba ni ƙwaya, da farko ta yi aiki, yanzu sai na sha biyu. Wani lokaci dannau kan kama ni, har wasu suna cewa sammu ne. Me ke jawo wannan, kuma yaya zan yi?"

Amsa: Malam, sannu, Allah ya sawwaƙe. Wanda bai taɓa kwana ido biyu gari na barci ba, ba zai san nauyin abin da kake ɗauke da shi ba. Abin da ka kwatanta ya cika sharaɗin da muke kira rashin barci mai daɗewa: aƙalla dare 3 a mako, har tsawon wata 3 ko fiye, kuma abin yana taɓa harkokin mutum da rana. Kusan mutum 1 cikin manya 10 yana fama da irinsa. Yana warkewa, kuma mafi yawan maganinsa yana hannunka.

Abu biyu ne ke kawo wa ɗan Adam barci. Na farko, tun daga lokacin da ka buɗe ido da safe wani sinadari mai suna adenosin yake ta taruwa a ƙwaƙwalwa, gwargwadon daɗewarka a farke gwargwadon yawansa, barci ne kuma ke rage shi. Tamkar yunwa yake: wanda ya cika cikinsa da ƙosai da La'asar, ko an kawo masa tuwo da miyar da ya fi so da Magariba, ba zai iya ci ba. Na biyu agogon jiki ne, wanda haske ke saitawa. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa ta fara sakin wani sinadari mai suna melatonin, zafin jiki ya ɗan sauka, gaɓoɓi su san dare ya yi. Hasken safiya kuma shi ke shaida wa agogon cewa gari ya waye, daga nan yake fara lissafin lokacin barci na gaba. A kan gano yadda wannan agogo ke aiki aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017.

To, mu auna yininka da wannan. Daga 2 zuwa Asuba kana samun kusan awa 3, bayan salla zuwa 8:30 ka ƙara wasu kusan 3. Jimilla awa 6 ke nan ko ƙasa kaɗan, alhali babban mutum yana bukatar 7 zuwa sama. Ka ga barcin yana nan, sai dai ya gaza, ya rabu biyu, ya kuma koma can baya. Tunda ba ka ganin rana sai wajen 9, agogonka ya ɗauka 9 ce safiya, don haka ƙarfe 10 na dare a wurinsa hira ba ta ma yi nisa ba. Kana kwanciya ne a lokacin da jikinka bai shirya ba, sannan ka shafe awa 4 kana kokawa da katifa.

Wannan awa 4 ɗin ita ce tushen matsalar, a nan nake so ka tsaya da kyau. Abin da ya fara hana mutum barci daban, abin da ya sa rashin barcin ya zauna daban. Ka tuna baya, me ya faru wata biyar da suka wuce? Galibi akwai wani abu: rasuwa, zazzaɓi, kaya sun maƙale, bashi, kuɗin makarantar yara, ko mai gida ya ce a kawo kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta Ghana ta 1963 ta tsayar da abin a wata 6. Kowa kan rasa barci na 'yan kwanaki a irin wannan hali, ba ciwo ba ne. Ciwon yana farawa ne da dabarun da mutum ke yi don ya rama: ya riƙa kwanciya da wuri ko da bai ji barci ba, ya daɗe a gado da safe, ya ƙara shayi da rana, ya riƙa duba agogon waya cikin dare yana lissafin awa nawa suka rage kafin kiran salla. Bayan makonni ƙwaƙwalwa sai ta haɗa gado da fargaba. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kan benci a ƙofar shago, ko a cikin motar haya ta trotro, amma da ya ɗora kai a kan filonsa sai ido ya bushe, zuciya ta fara bugawa, tunani ya taso. Asalin damuwar tana iya wucewa tuntuni, a bar mutum da tsoron dare kawai. Barci kuwa ba a samunsa da ƙoƙari. Duk wani yunƙuri na tilasta shi ƙara farkar da mutum yake yi.

Sai ataya da goro. Mu 'yan Zango mun tashi mun tarar da goro a aure da suna da zaman makoki, kakanninmu ma fataucinsa ne ya kawo da yawansu ƙasar Asante, don haka ba ma yi masa kallon magani mai ƙarfi. Amma akwai kafeyin a cikinsa, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin busasshensa, akwai shi kuma a ganyen ataya, ga shi ana dafa ganyen ya daɗe a kan gawayi har ya yi kauri, a sha na fari da na biyu da na uku. Aikin kafeyin shi ne ya tare wuraren da adenosin ke sauka a ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan, ba a ji ta ne kawai. Jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, ga mai juna biyu ya fi haka nesa. Wanda ya sha ataya ƙarfe 8 na dare a majalisa, ƙarfe 1 na dare rabinsa yana yawo a jininsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, ya rage barci da fiye da awa 1, kuma waɗanda aka gwada ɗin ba su lura da yawan abin da suka rasa ba. Wannan ce amsata ga masu cewa su ko sun sha ataya da tsakar dare barci suke yi. Suna yi, amma mara zurfi, su tashi da gajiya, su sake neman buta. Ka haɗa da kofi, da lemon kwalba mai kola, da lemukan ƙara kuzari da direbobi da masu tura kaya a kasuwar Kejetia ke ɗaɗɗaka. Taba da shisha ma nikotin ne, shi ma mai farkarwa ne. Tiramadol da wasu samarinmu suka faɗa ciki yana wargaza tsarin barci, ranar da aka rasa shi kuma ido ba ya rufuwa. Giya takan kwantar da mutum da wuri, ta tashe shi a rabin dare.

Ba na cewa ka rabu da goro har abada. Ka sa masa iyaka: daga Azahar, ba goro ba ataya. Ka rage yawansa a hankali cikin mako guda ko biyu, don yanke shi farat ɗaya kan kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

Lissafin daren Kumasi a fili yake. Muna kusa da tsakiyar duniya, lokutan salla ba sa motsawa sosai duk shekara: Isha'i wajen 7:30, Asuba tsakanin 4:30 da 5 da 'yan mintuna. Mai son awa 7 kafin Asuba sai ya zama ya yi barci kafin 10. Amma me ke cike tsakanin Isha'i da tsakar dare? Majalisa, ƙwallon Turai, WhatsApp, TikTok, da kiran 'yan'uwa na New York, waɗanda muke gabansu da awa 4 ko 5, sai su taso daga aiki su kira lokacin da mu nan dare ya raba. Hasken waya yana jinkirta melatonin, amma a ganina abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna: muhawarar siyasa, saƙon wanda kake bi bashi, labarin rasuwa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta. Ka ajiye wayar awa guda kafin kwanciya, nesa da inda hannunka zai kai, ka roƙi na ƙetare su kira ranar hutu da rana.

Ɗaki ma yana da nasa. Rufin kwano yana riƙe zafi, musamman a Fabrairu da Maris, jiki kuma sai ya huce yake barci. Wanka awa 1 ko 2 kafin kwanciya yana taimakawa, haka fanka da buɗe taga in akwai raga. Gidan sauro ya fi maganin sauro na hayaƙi, wanda ke tayar da tari da asma. Hayaniyar gidan haya, janareta in an ɗauke wuta, da kiɗan biki ko na jana'izar ƙarshen mako, ba ka da iko da su, amma 'yan robobin toshe kunne suna da araha.

Yanzu ga abin da ba zan iya gani ta rubutu ba, sai an duba ka. Ka tambayi iyalinka wannan tambaya yau: in kana barci kana minshari mai ƙarfi? Numfashinka yakan tsaya na ɗan lokaci, sannan ka zabura kamar an shaƙe ka? In amsar eh ce, wataƙila maƙogwaro ne ke toshewa cikin barci. Ya fi kama maza masu jiki da kaurin wuya, yana tashin mutum sau da yawa a dare ba tare da ya sani ba, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini. Wannan yana da muhimmanci a gare ka musamman, domin ƙwayar barci tana ƙara tsananta shi. Yawan tashi fitsari kuma yana iya zama ciwon sukari, ko kumburin firostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, ga maza da suka fara manyanta, ko maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da yamma maimakon safe. Ƙwannafi kan taso wa wanda ya ci tuwo ko waake mai yaji ƙarfe 10 ya kwanta nan take, shi ya sa muke cewa a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci mai nauyi da kwanciya. Akwai ciwon gaɓoɓi da na baya, akwai asma, akwai ƙullutun wuya da ke aiki fiye da kima, wanda ke zuwa da rama da gumi da bugun zuciya da rawar hannu. Akwai masu jin ƙafafunsu na tsuma da dare sai sun motsa su, wannan sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini. Ga mata akwai ciki, da zafin jiki da gumin dare na lokacin ɗaukewar al'ada. Magunguna ma suna hana barci: wasu na mura, salbutamol, da prednisolone ko dexamethasone, wanda wasu ke sha ba da izinin likita ba don su yi ƙiba.

Akwai kuma ciwon damuwa, wanda mazanmu ba sa son a ambata. Alamarsa a barci ita ce farkawa tun 2 ko 3 a kasa komawa, tare da ƙuncin zuciya da ya fi tsanani da safe, da rashin jin daɗin abin da a da ake so, da rashin cin abinci, da ganin kai bai da amfani. Ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. In har tunanin mutuwa ko na cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka jira, ka faɗa wa wani naka ku je asibiti a ranar.

Dannau yana da ban tsoro, na sani. Ga abin da ke faruwa. Barci zagaye-zagaye ne, kowane kimanin minti 90, a cikinsa akwai zangon mafarki. A wannan zango ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa: ido a buɗe, kana ganin ɗakinka, amma hannu da ƙafa da murya sun ƙi, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarkin kuma ya sa ka ga kamar akwai wani a tsaye. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna, ba ya kisa, kuma ana samunsa a kowace ƙasa. Ya fi zuwa wa wanda barcinsa ya gaza ko ya rikice, da mai kwanciya rigingine. Zangon mafarki ya fi yawa wajen wayewar gari, daidai lokacin barcinka na bayan Asuba. Ka riƙe azkar ɗinka da Ayatul Kursiyyu, suna kwantar da zuciya, ka kwanta ta gefe, kuma ina kyautata zaton in barcinka ya daidaita zai yi sauƙi ƙwarai. Kada ka zargi ɗan'uwa ko maƙwabci a kan wannan.

Ƙwayar nan ce ta fi damuna cikin duk bayaninka. Ba ka faɗi sunanta ba. In irin su diazepam ce, doka ba ta yarda a sayar da ita ba tare da takardar likita ba, mu ma ba ma rubuta ta don barci fiye da mako 2 zuwa 4. Jiki yana sabawa da ita, ɗaya ta koma biyu, kamar yadda ka gani. Tana daɗewa a jini har washegari, mai yiwuwa tana cikin dalilan mutuwar jikinka da rana, ga haɗari a kan babur. In kuma irin maganin mura ne mai sa gyangyaɗi, kamar Piriton, shi ma ƙarfinsa kan dushe cikin kwanaki. Kada ka ƙara, kada kuma ka daina ta dare ɗaya in ka daɗe kana sha kullum, domin yanke diazepam kwatsam na iya kawo rawar jiki da firgita, har da jijjiga. Likita ne zai tsara maka ragewa daki-daki.

Maganin da ya fi inganci ga irin matsalarka ba a haɗiye shi. Ana kiransa CBT-I, tsari ne na gyara ɗabi'a da tunani game da barci, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce da shi za a fara kafin kowace ƙwaya. Yawanci mako 4 zuwa 8 yake ɗauka. Ga yadda zan tsara maka shi.

Ka fara da lokacin tashi, domin shi ne kake da iko da shi. Barcin bayan Asuba ba laifi ba ne ga wanda darensa lafiya lau, amma kai shi ke cinye maka na dare. Ka janye shi mataki-mataki: makon farko ka tashi 7:30, na biyu 6:30, na uku in ka yi salla ba komawa. Kowace rana haka, har da ranar da ba ka buɗe shago, ko da daren ya yi muni. Da rana ta fito ka fita waje, ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 cikin haske. In ka iya taka ƙafa wani ɓangare na hanyar Aboabo zuwa Alabar, ka haɗa haske da motsa jiki ke nan.

Na biyu zai ba ka mamaki: ka daina kwanciya ƙarfe 10. A yanzu kada ka hau gado sai wajen 12, kuma sai ka ji barci na gaske, ido na lumshewa, kai na rinjaya, ba gajiyar jiki kawai ba. Manufar ita ce awannin da kake yi a gado su zo daidai da awannin da kake barci, amma jimillarsu kada ta yi ƙasa da 5. In ka ga barci ya fara ɗaukarka cikin minti 20 zuwa 30 yawancin darare, sai ka matso da kwanciyar da minti 15 zuwa 30 duk mako, har ka iso 10 da barcinka a haɗe.

Na uku, in ka kwanta ka ji kamar minti 20 sun wuce ba labari, ka tashi. Kada ka duba agogo, ƙiyasi ya isa. Ka zauna a kan tabarma ko kujera cikin haske kaɗan, ka ja carbi, ko ka saurari karatu a hankali, ko ka duba littafi mara tayar da hankali. In barci ya zo ka koma, in ya sake gudu ka sake tashi, ko sau nawa ne. Mai ɗaki ɗaya da iyali, kusurwar ɗakin ta wadatar. Kuma gado ya zama na barci da iyali kawai, ba a nan za a yi lissafin ciniki ko kallon waya ba. Lissafin da tunanin ka ba su lokacinsu bayan Magariba: minti 15 da biro da takarda, ka rubuta abin da ke damunka da matakin da za ka ɗauka gobe a kan kowanne. In ya taso da dare, ka san an riga an rubuta shi.

Ƙailula tana da kyau, minti 20 wajen Azahar, kada ta wuce 30, kuma ba a yinta bayan La'asar.

Mako na farko da na biyu za ka ji jiki, barci zai riƙa fizgarka da rana fiye da da. Alama ce tsarin yana aiki, amma a kwanakin ka guji tuƙi mai nisa da hawa babur in kana gyangyaɗi. Mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali irin wanda ke hawa da sauka, da direban babbar mota, da wanda ake zaton numfashinsa na tsayawa cikin barci, kada su taƙaita awannin gado sai tare da likita.

Kai kam, saboda ƙwayar nan, ina so a gan ka cikin wannan mako, kada ka jira sakamakon tsarin. Asibitin Manhyia yana kusa da ku, asibitin Komfo Anokye kuma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa in an ga bukatar tura ka. Ka tafi da katin inshorarka, da kwalin ƙwayar ko ragowarta, da duk wani magani da kake sha, har na gargajiya. Ka fara rubutawa tun gobe da safe: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa kake jin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, goro da ataya nawa ka sha kuma a wane lokaci. Ka nemi a auna maka hawan jini da sukari da yawan jini. In iyalinka ta ce kana minshari, ku tafi tare, domin ita ce ta ga abin da likita zai tambaya.